Buhu na bisa mota, labarinsa na cikin salula

Duk wadda ta bi hanyar Madawa zuwa Galmi cikin watan Maris ko Afrilu ta san warin nan. Albasa ce ko'ina: tsibi-tsibi a bakin garake, buhunna jere a gefen kwalta, amalanke na shigowa, manyan motoci na jiran lodi. Haka abin yake a Sabon Gida, haka a Karofane, haka a Tamaske. Mata na zaune cikin rana suna yanke lawashi, ƴan dako na ɗinke bakin buhu, yara na tsintar wadda ta gangaro. Amma in kika lura da kyau, za ki ga mutum guda wanda ba ya ɗaukar komi, ba ya yankan komi. Yana gefe cikin inuwa, salula biyu a hannu, ɗaya manne da kunne. Shi ke jin nawa aka sayar da buhu jiya a Kumasi, mota nawa suka isa Akara, ko hanya a buɗe take. Kafin ya sauke wayar nan, an riga an yanke kuɗin guminmu na ranar.

Ba zagin dillali na zo yi ba. Sana'arsa ce, kuma da yawa cikinsu ƴan uwanmu ne, wasu ma mazajenmu. Abin da nake so mu duba tare, ƴan uwa mata, shi ne yau kowane kaya tafiya biyu yake yi. Buhu na tafiya bisa mota. Labarinsa kuma, wato yawansa, nauyinsa, inda ya kai da wanda ya biya, yana tafiya cikin waya. Mun daɗe muna wahalar tafiya ta farko. Ta biyun, wadda riba ta fi taruwa cikinta, ba kasafai take biyowa ta hannunmu ba.

Abin da manya ke yi da kwamfuta

In aka ce masana'antu da masu jigilar kaya sun koma aiki da kwamfuta, sai mutum ya ɗauka zancen Turai ne ko ƙasar Sin. Alhali ga kamfanin siminti nan a Malbaza, kusa da mu, tun shekarun 1960. A masana'antar siminti irin ta yau, tanderun da ke gasa dutse yana kai zafin digiri 1450 ko kusa da haka. Ba mai leƙa shi da ido. Na'urori ne ke auna zafin, su aika da shi wani ɗaki inda ma'aikata ke zaune gaban allo. Mota in ta shigo, a auna ta wayam; in za ta fita, a sake auna ta; bambancin shi ne abin da ta ɗauka, kuma nan take yake shiga lissafi. Direba ba ya da ta cewa, mai gadi ma haka.

Ku duba gwangwanin madara ko kwalin magani da ke gidanku, za ku ga ƴan layuka baƙi da fari a jikinsa. Wannan zanen sunan kayan ne, a rubutun da na'ura ke karantawa. A 1974 aka fara sayar da kaya da shi, a wani kanti na jihar Ohayo ta Amurka, kuma abin da aka fara haskawa cingam ne. Daga cingam ɗin nan abin ya bazu, har yau ana bin sawun akwatin ƙarfe daga tashar jirgin ruwa ta Lome zuwa Yamai. Duwan ɗinmu ma da kwamfuta take aiki, da wani tsari mai suna SYDONIA, inda ake shigar da bayanin kayan da ke shiga da masu fita.

Amma labarin da ya fi burge ni shi ne na kamfanin motoci na Toyota a Japan. Tun shekarun 1950 suka fito da wata dabara da masana'antun duniya suka kwaikwaya daga baya, kuma ba da kwamfuta suka fara ba. Da ƴan katunan takarda ne. Kowane akwatin kayan haɗa mota na da kati a jikinsa. In kayan sun ƙare, katin ya koma wajen masu ƙerawa, su ƙera daidai abin da aka cinye, ba ƙari ba ragi. Tsari ya riga na'ura zuwa. Da kwamfuta ta zo, sai ta tarar da aikin a shirye, ta ƙara masa sauri kawai.

In kika tattara duk wannan, tambaya uku ce: nawa muke da shi, ina yake yanzu, wa ya biya kuma wa ake bi. To, wace mace ce a cikinmu ba ta san waɗannan tambayoyi ba? Tun 1991 da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, abin da muke yi ke nan kowane mako. A buɗe akwati gaban kowa, a ƙirga zubi da ƙarfi, a faɗi wadda ta ci bashi da ranar biya. Iyayenmu da suka fara ma ba da rubutu suka yi ba, da ka suke riƙewa, kowa shaidar ƴar uwarta. Wannan dabarar da ta tashi daga ƙasarmu ta kai ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Saboda haka ba baƙi muke ba a wannan fage. Matsalar ita ce mun tsare akwati da kwaɗo uku, amma salula, wadda kuɗi ke bi ta cikinta yanzu, mun bar ta babu ko kwaɗo ɗaya.

Tabarma sittin

Bari in ba ku labarin abin da ya same mu, don kada ku ce daga littafi na ɗauko.

Ƙungiyarmu, kamar da yawa a ƙasar Madawa, masu saƙar tabarma ne. Sunan tabarmar Madawa ya kai nesa, wannan ba sai an faɗa ba. Wani ɗan kasuwa daga tsallaken iyaka ya ga hoton tabarminmu a WhatsApp, ta wayar ƙanen wata daga cikinmu, ya ce yana son sittin. Murna kamar mu yi me. Muka ɗauki rance daga asusu muka sayi kaba da rini, muka raba aiki, wasu har dare suna saƙa da fitila. Ranar kasuwa muka naɗe su ɗauri-ɗauri, muka kai tasha, ɗan kamasho ya haɗa mu da direba, aka ɗora bisa mota, muka dawo gida muna lissafin riba a baki.

Bayan kwana uku sai ga saƙon murya: shi fa hamsin da biyu ya gani. Muka ce sittin muka aika. Ya ce to wa ya ƙirga? Nan muka dubi juna. Kowace ta san nawa ta saƙa, amma ba a tara su wuri guda an ƙirga gaban shaidu ba. Mai kaiwa tasha ɗauri ta ƙirga, ba tabarma ba. Direba ya rantse shi ɗauri aka ba shi, ɗauri ya sauke. Har yau ba mu san ko a hanya takwas ɗin suka salwanta ba, ko a wajen mai saye, ko tun daga gida wata ba ta cika nata ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ciwo, don daga ranar kowa ya fara kallon kowa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da mutumin ya tashi biyan kuɗin hamsin da biyun, sai ya nemi lamba. Ma'ajiyarmu ba ta da layi da sunanta, sai ta ba da lambar ɗanta. Kuɗi suka shigo ranar Talata, taronmu sai Asabar. Tsakanin nan yaro ya taɓa wani abu ciki, wai aro ne, zai mayar in an biya shi wani aiki. Ya mayar kuwa, amma bayan mako biyar, kuma cikin makonnin nan biyar baiwar Allah nan, wadda ta shekara tara tana riƙe mana amana ko dala ba ta taɓa ɓata ba, ta daina ɗaga kai a taro. Saura ƙiris ƙungiya ta watse. Ba ɓarawo a cikin labarin nan, in kun lura. Rashin tsari ne kawai.

Wa waya ta fara amfana?

Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin farashin hatsi a kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa inda rezo ya iso, tazarar farashi tsakanin wannan kasuwa da waccan ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: ɗan kasuwa ba sai ya hau mota ya je ya gano farashi ba, kira ɗaya ya isa. Abin alheri ne. Sai dai a lura, ƴan kasuwa ne suka fara riƙe wayar. Wanda ya riga jin labari shi ke riga cin moriyarsa.

Ita dai wannan malama ta sake wani bincike a nan jiharmu ta Tawa. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi a garuruwa 96 cikin 2010, kimanin jika 22 kowane wata har wata biyar, kuma mata aka ba. Wasu garuruwan a hannu aka ba su cikin ambulan, wasu kuma ta waya, da tsarin Zap na wancan lokaci. Gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu sun fi samun ci a yini. Masu binciken sun danganta haka da abu biyu: matan ba su ɓata yini wajen tafiya da layi ba, kuma kuɗin sun shigo shiru, mace ta sami damar yin shawara da maigida kafin duk dangi su ji. Ku riƙe wannan: wayar tana hannun matar ne. Da lambar wani aka yi amfani, Allah kaɗai ya san yadda labarin zai kasance.

Yadda muka gyara

Bayan rigimar tabarma, muka zauna har taro uku a kan magana guda. Abin da muka yanke ba wani abin mamaki ba ne, dokar akwati muka ɗora wa waya.

Muka sayi salula ta ƙungiya da kuɗin tara da ke taruwa. Cikin akwati take kwana, tare da kuɗi. Da farko wasu sun ce ina amfanin waya a kulle? Sai muka raba aiki: wayar kowa tana nan don gaisuwa da ciniki da aika hoto, amma lambar da ake turo kuɗin ƙungiya ita ce ta cikin akwati, ba wata ba. Lambar sirri kuwa muka raba ta biyu, mace guda ta san rabin farko, wata ta san rabin ƙarshe, kuma ba cikin masu riƙe makulli ba. In za a fitar da kuɗi sai su biyun sun je wajen mai wakilci tare. Ba mu muka fara wannan tunani ba. A Yuganda an yi asusun waya na ƙungiyoyin mata wanda ba ya buɗuwa sai mutum uku kowa ya sa tasa lambar. Ranar taro, bayan an ƙirga kuɗin akwati, sai a kunna waya a karanta abin da ke ciki da ƙarfi, yarinya ƴar makaranta ta maimaita, a rubuta a littafi. In kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza aka turo su, resi yana shiga akwati, ba ya kwana a ɗaurin zanen kowa.

Kaya kuma ba ya fita sai an ƙirga shi ɗaya-ɗaya gaban mace uku. Kowane ɗauri goma ne cif, kuma muna ɗaura masa ƙyalle mai launinmu da lamba a jiki: 1, 2, 3. Wannan shi ne namu zanen layukan na jikin gwangwani. A tasha a ɗauki hoto uku: kayan a ƙasa, kayan bisa mota, da lambar motar. A aika wa mai saye nan take, da saƙon murya mai faɗin ɗauri nawa, tabarma nawa, wace rana, da sunan direba. A sa direban ma ya yi magana cikin saƙon, ya ce ya karɓa. Da farko wani direba ya ɓata rai, ya ce: “Hajiya, ɓarawo kuka ɗauke ni?” Shugabarmu ta ce masa: “A'a, ɗana, kai muke karewa. In an ce kaya bai cika ba, muryarka na nan tana shaidarka.” Yanzu shi da kansa ke cewa a ɗauki hoton.

Saƙon murya, wanda yara ke kira bokal, ni a ganina shi ne babbar kyautar da wannan zamani ya kawo wa macen da ba ta yi boko ba. Ba ya buƙatar rubutu, kuma ba ya gogewa kamar maganar baki. Ciniki na kira yana wucewa da iska. Na bokal yana nan, a sake saurare in gardama ta tashi. Sai dai lambobi kam dole a koye su. Wadda ba ta bambanta 5000 da 50000 a allo ba, kullum sai ta miƙa wayarta ga wani. Abin ba shi da wuya yadda ake zato. A jihohin Doso da Damagaram an gwada koyar da yaƙi da jahilci haɗe da salula tun daga 2009, kuma waɗanda suka koya da waya sun fi sauran riƙe karatu da lissafi, don kullum suna amfani da abin. Mu kwata ɗin awa muke warewa a ƙarshen taro, kowace ta danna lambar ƴar uwarta, ta karanta abin da ya fito.

Katin kowane kwaɓi

Masu man gujiya da ƙuli-ƙuli da gabu, ku matso, nan taku ce. Ɗakin da kike suya da matsa masana'anta ne, ko da tukunya biyu ce a ciki. Kuma ciwon da ke damun babbar masana'anta shi ke damun ki: kaya na shiga, kaya na fita, ba a san inda riba ke zurarewa ba.

Wasu daga cikinmu sun ɗauki dabarar katin nan. Kowane kwaɓi da ƴar takardarsa: tiya nawa na gujiya, daga wajen wa aka saya, nawa aka biya mai inji, itace na nawa, mai lita nawa ya fito, ƙuli na nawa. Wadda ba ta rubutu ta faɗa cikin waya da murya, ɗiyarta ta rubuta da marece. Bayan wata biyu sai abubuwa suka fara bayyana da kansu. Wata ta gano gujiyar da take saye da rahusa ita ke ba ta mai kaɗan, tsadar ta fi araha. Wata ta gano ba ta taɓa sa kuɗin itace da na zuwa inji cikin lissafi ba, shekara da shekaru tana ganin kamar tana riba alhali uwar kuɗi take juyawa. Ta ce da ta sani da ba ta duba ba, muka yi ta dariya, amma ta ƙara farashin kwalba kuma masu saye ba su gudu ba.

Akwai wani amfanin. In mai kanti a Tawa ko Ƙonni ya ce man da kuka kawo ya yi wari, da katin za ku san wane kwaɓi ne, na wace rana, daga wace gujiya. Ku janye wannan kaɗai, ba sai sunan ƙungiya duka ya ɓaci ba. Manyan kamfanonin abinci da magani haka suke yi, shi ya sa kuke ganin lamba da kwanan wata a gindin kwali.

Rudu, farashi da iyaka

Mu koma ga albasa, tunda ita ce uwar kasuwa a nan. Jihar Tawa ce kan gaba wajen nomanta a Nijar, kuma tana cikin manyan kayan da ƙasar ke fitarwa waje, zuwa Gana, Kodebuwa, Benin, Togo da Najeriya. Kowa ya san halinta: lokacin cira farashi a ƙasa, bayan damina ya ninka har ya sake ninkawa. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa, daga fadamar Tarka har Majiya da kwarin Keita, ke sha'awar ɗaukar kuɗin asusu su sayi albasa su zuba a rudu su jira tsada.

Dabara ce mai kyau, amma mai haɗari, don albasa ba hatsi ba ce. Tana ramewa, tana ruɓa, tana tsiro. Wadda ta zuba buhu ashirin ba ashirin za ta kwasa ba. A nan ma ƙirga ce magani: ranar zubawa a rubuta, duk lokacin da aka shiga tsince ruɓaɓɓu a auna abin da aka fitar a rubuta, a ɗauki hoto. Shekara guda kika yi haka, kin san gaskiyar rudunki, kin san watan da jira ya daina biya. Kuma a yi hattara da buhu mai hula, wanda ake cika shi har ya yi tozo. In ana ciniki da buhu ba da kilo ba, hular nan kyauta ce kike bayarwa. In an faɗa miki farashin buhu ta waya, tambayi wane irin buhu.

Labarin farashi kuwa ba sai daga bakin mai saye kaɗai ba. Hukumar SIMA na tattara farashin kasuwannin ƙasa, ana kuma jin sa a rediyo. RECA, wato haɗin gwiwar majalisun manoma, na da cibiyar kira da zaurukan WhatsApp inda ake tambaya da Hausa a amsa da Hausa, kan ciwon shuka, magani da kasuwa. Ga kuma hanya mafi sauƙi wadda ba mu cika amfani da ita ba: junanmu. Ƙungiya a Tamaske, ƙungiya a Buza, ƙungiya a Bangi, in kowace za ta aika bokal guda ranar kasuwarta ta ce yau buhu kaza, tiyar gujiya kaza, tabarma kaza, da mun san abin da mai salula biyun nan ya sani. Matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da tsaunuka tun da aka fara babban aikin nan a 1984, ba aika saƙo ne zai gagare su ba.

Kada dai mu ɗora wa waya abin da ba ta iyawa. Bayan 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyakokin Benin da Najeriya, motocin albasa sun yi cirko-cirko a hanya, kaya na ruɓa a ciki, can Gana kuma farashi ya haura. Kowa na da labarin a wayarsa, masu kaya na kallon hoton asararsu, amma ba wanda wayarsa ta buɗe masa gada. A lokacin ne kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, cajin waya ma ya zama aiki, injin niƙa ya tsaya. Sai cikin 2024 aka sake buɗe ta Najeriya. Darasin da muka ɗauka mu dai shi ne kada a zuba duk asusu cikin kaya guda mai jiran hanya guda, kuma littafin takarda ya zauna daram ko da an koma waya. Littafi ba ya neman caji, ba ya neman rezo. Garuruwa nawa ne a ƙasar Buza da Keita sai an hau tudu ake samun kira?

Masu zuwa da manhaja, da masu zuwa da ƙarya

Yanzu akwai manhajojin da aka yi musamman don lissafin asusu. CARE ta fito da wata mai suna Chomoka, wadda aka fara a Tanzaniya, akwai kuma wasu. Suna riƙe zubi da rance, su yi lissafin rabo a ƙarshen zagaye ba tare da gardama ba, kuma tarihin ƙungiya na iya zama shaida in za a nemi bashi a banki. In wani aiki ya zo muku da irin wannan, ban ce ku ƙi ba. Amma ku zaunar da mai kawowa ku tambaye shi: in wayar ta faɗa rijiya, ina lissafinmu? In aikinku ya ƙare kuka tafi, wa zai biya kuɗin intanet? Wa ke ganin sunayenmu da bashinmu a can inda bayanin ke zuwa? Tana aiki inda babu rezo? Tana magana da Hausa? In ya fara kame-kame, ku ce ya je ya dawo da amsa. Ba rashin kunya ba ne, kuɗinku ne.

Ƴan damfara kuwa sun riga kowa iya wayar. Salon nasu sananne ne: a kira ki a ce kin ci kyauta, ko an turo miki kuɗi bisa kuskure ki mayar, ko a ce daga kamfani ne za a gyara miki layi, ki faɗi lambar sirri. Wani har saƙon ƙarya yake turowa mai kama da na shigar kuɗi. Kamfani ba ya tambayar lambar sirri, ko da wasa. Kuma ba a sakin kaya don an ga saƙo. Sai an duba abin da ke cikin asusun da ido. Raba lambar nan biyu da muka yi ya taɓa cetonmu a nan: aka kira ɗaya daga cikin masu riƙewa, aka ruɗe ta da daɗin baki, ta ce wallahi ko tana so rabi kawai ta sani. Mutumin ya kashe waya.

Akwai kuɗin cirewa da na turawa, su ma a sa su cikin farashi tun wajen ciniki, a faɗa wa mai saye wa zai biya. In kuɗin naira ne, a tsayar da canjin ranar cikin bokal ɗin, don naira ba ta kwana inda ta yini.

Abin da ya rage mana

Matsala guda har yanzu ba mu gama da ita ba. Layin waya sai da katin ɗan ƙasa ake yi masa rajista, kuma da sunan mutum guda. Namu da sunan marubuciyarmu yake, don ita ce mai kati a lokacin. In ta yi ƙaura, ko aure ya kai ta wani gari, ko ta Allah ta kasance, a idon kamfani kuɗin nata ne, ba na ƙungiya ba. Mun rubuta takarda, ta sa hannu, maigari da liman sun shaida cewa layin da abin da ke cikinsa na ƙungiya ne. Mun kuma yanke kada kuɗi masu yawa su wuce mako guda a ciki. Wannan rage haɗari ne, ba magani ba.

Da muka bincika, cikinmu fiye da rabi ba su da katin, wasu ko takardar haihuwa babu, kuma sai da ita ake samun katin. Saboda haka a rabon da ya wuce muka ware wani abu daga asusun taimako don wannan. Mata huɗu-huɗu za su riƙa zuwa ma'aikatar magajin gari ana nuna musu hanyar da za su bi, ƙungiya ta biya mota da hoto, su mayar a hankali ba tare da ruwa ba. Rukunin farko sun tafi makon jiya. Biyu sun dawo da takarda, biyu an ce su koma da shaidu.